Gane dashen itatuwan marmari da rainonsu a shekarar farko

Da ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi sanyi, masu sayar da dashe sukan fito da baƙaƙen ledojinsu su jera a bakin titi da ƙofar lambu, kowace leda da ɗan koren tsiro a ciki. Mai saye ya nuna ɗaya, a ce masa ɗan aure ne, wato an haɗa reshen iri mai kyau a kan wani tsiron, shekara uku zai fara 'ya'ya, ya biya ya tafi. Wanda aka sayar wa gurɓataccen irin masara cikin wata uku ya gane, amma mai mangwaro sai ya shekara shida ko bakwai yana jidar ruwa kafin ya san abin da ya dasa. Saboda haka aikin farko na ido ne da hanci da yatsa, tun ba a ɗauki fartanya ba.

A fara da mangwaro, tunda shi aka fi saye kuma a kansa aka fi cutar mutane. Sabon tohonsa yakan fito ja-ja kamar tagulla, da taushi, yana rataye kai ka ce ya yi yaushi. Ba ciwo ba ne, haka halittarsa take. Cikin mako biyu zuwa uku ganyen zai miƙe ya yi kore shar, dogo mai tsinin baki. Ka murza shi ka shinshina, za ka ji ƙanshin ɗanyen mangwaro. Ƙwallonsa ba ya tasowa sama, a ƙasa yake zama yana ciyar da tsiron, don haka kada a tone shi ko a cire shi. Idan ka ga tsiro uku ko huɗu sun fito daga ƙwallo guda, wannan ɗabi'ar mangwaron gida ce mai zare, kuma yawancinsu uwarsu sak za su biyo. Ana iya barin mai ƙarfin a tsige sauran. Irin su Julie da Kent da Keitt tsiro ɗaya suke fitarwa, shi ma ba lallai ya gaji uwar ba. Dalilin da ya sa ba a samun su sai ta hanyar aure ke nan.

To, yaya ake gane aure na gaskiya? Durƙusa ka duba karan, kamar taƙi ɗaya daga bakin ledar. Inda aka yi aure akwai tabo da ba ya ɓoyuwa: an tsaga karan tsiron ƙasa, wanda shi ma ake ce wa uwa, an soka reshen da aka fiƙe, don haka za ka ga layi biyu sun haɗu kamar bakin mashi, wurin ya ɗan kumbura, ɓawon ƙasa da na sama launinsu ya bambanta, sau da yawa kaurinsu ma ba ɗaya ba. Masu ha'inci sukan yanke kan tsiron kawai su naɗe shi da leda, ko su ɗan karce ɓawon. A irin wannan ɓawon sama da na ƙasa iri ɗaya ne, babu layin haɗuwa. Ka nemi a warware ledar ɗaurin a gabanka. Auren da ya kama ba ya tsoron iska. Sannan ka tabbatar ganyen da kake gani daga saman tabon suka fito. Akwai dashen da aka yi wa aure da gaske amma reshen ya mutu, uwar ta sake toho daga ƙasa, ana nan ana sayar da shi da sunan ɗan aure. A lemu kuwa idon toho ɗaya ake ɗorawa maimakon reshe, shi ya sa karansa yake ɗan karkacewa a wurin, ga kuma guntun kututturen uwar da aka yanke a gefe.

Yazawa, wato kashu, dangin mangwaro ce, tohonta ma yakan yi ja, amma ganyenta gajere ne mai faɗi, bakinsa a zagaye kamar cokali, da kauri kamar fata. Wajen tsira kuma ta sha bamban: ɓari biyu na ƙwayar suna tasowa saman ƙasa su buɗe su yi kore. Wannan ɓarin ne ɓeraye da kurege da tsuntsaye suke bi, in suka cinye shi tsiron ya tsumbure. Kafin shuka a zuba irin a bokitin ruwa, a ɗauki wanda ya nutse, a shuka shi zurfin santimita 3 zuwa 5, wajen da ya rabu da 'ya'yan yana sama. Kada a fasa ɓawon da haƙori ko wuƙa, man cikinsa yana ƙona fata. Yazawa tana saurin zura doguwar saiwa kuma ba ta son a taɓa ta, don haka wata biyu ya ishe ta a leda, in ma da hali a shuka ta kai tsaye inda za ta zauna.

Gwaiba ba ta da wuyar ganewa. Murza ɗanyen karanta tsakanin yatsu biyu, za ka ji kusurwa huɗu. Ganyenta biyu-biyu suke fitowa suna kallon juna, jijiyoyinsu a fili, bayansu da ɗan gashi. Irinta dai taurin kai gare shi, ko an jiƙa shi kwana ɗaya yana iya kai wata guda ko fiye bai fito ba, mai gaggawa sai ya zubar da ledar.

Lemu kowane iri, ɗaga ganyensa ka kalli rana ta cikinsa, za ka ga ɗigo-ɗigo masu haske kamar an sossoke shi da allura; jakunkunan mai ne, su ke ba da ƙanshin. Rarrabe su kuwa sai a dubi marikin ganyen. Na garehul yana da faffaɗan fiffike, har ka ce ƙaramin ganye ne a gindin babba. Na lemun zaƙi da ƙananan lemun tsami siriri ne, babban lemun tsami kusan babu. Ganyen tanjarin ya fi sauran ƙanƙanta da tsini. Lemun da aka shuka daga ƙwaya yakan cika ƙaya kuma ya daɗe bai yi 'ya'ya ba. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne shanya irin lemu a rana kamar na gero. Irin lemu da na mangwaro da na fiya ba sa jure bushewa. A wanke su a shuka cikin 'yan kwanaki. Ƙwallon mangwaro ya fi saurin fitowa idan aka buɗe ɓawon da hankali aka ciro ƙwayar, aka kafa ta a tsaye doronta yana sama, ƙasa ta rufe ta da kamar santimita 2. In ka tarar da cikinta ya yi baƙi ko ƙwaro ya ci, jefar.

Gwanda tana da abin ruɗani biyu. Na farko, takan tsiro da kanta a juji tare da zurma, kuma suna ƙanana sun yi kama. Karya marikin ganye: na gwanda rami ne a ciki kuma farin ƙaro zai fito kamar nono. Ganyen zurma bakinsa zarto-zarto ne, marikin kuma a cikin ganyen yake kamawa, ba a gefe ba. Wannan ya wuce batun asarar wuri, domin 'ya'yan zurma guba ne ga yara da dabbobi. Na biyu, babu mai iya gane namiji da mace a leda. Duk abin da ake faɗa na baƙin iri da farin iri, ko siffar saiwa, hasashe ne. Sai ta yi fure, wajen wata huɗu zuwa shida: namiji yana sako dogayen sanduna masu tarin ƙananan furanni, mace kuwa babban fure take yi manne da jikin karan, akwai kuma mata-maza mai dogon fure da ke yin 'ya'ya ita kaɗai. Hanyar da ta fi ita ce a dasa uku a gurbi ɗaya, in sun yi fure a bar mace ko mata-maza guda, a sare sauran daga ƙasa, a bar namiji ɗaya ga mata kamar 10. Kafin shuka a murje irin da toka ko yashi don cire yauƙin da ya lulluɓe shi, domin wannan yauƙin yana hana shi tsira.

Dabino ma namiji da mace ne, sai dai haƙurinsa ya fi tsawo. Tsironsa ganye ɗaya ne dogo mai nanniƙi kamar ciyawa, wanda bai sani ba sai ya nome shi, ko ya ruɗa shi da kaba. Wanda aka shuka daga ƙwallo kusan rabi maza ne, kuma sai bayan shekaru za a gane. Mai son tabbas ya nemi 'ya'yan gindi da aka ɓamɓaro daga uwar da aka san ɗanɗanonta. Cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, NIFOR, tana da reshe na dabino a Dutse ta jihar Jigawa, ita kuma NIHORT mai binciken kayan lambu da na marmari tana da tashoshi a Bagauda da Dadin Kowa. Wanda zai dasa fiye da ƙwaya goma, gara ya yi tattaki zuwa irin waɗannan wurare ko wajen mai raino da aka san shi a gari.

Bayan an gane iri, sai a duba ƙarƙashin ledar. Mutane sukan ruga ga dashen da ya fi tsawo, alhali babban tsiro a ƙaramar leda saiwarsa ta riga ta naɗe kamar gammo. In an dasa shi haka, saiwar za ta ci gaba da zagaye kanta, itacen ya tsaya cik, ko iska ta kayar da shi bayan shekaru. Haka wanda saiwarsa ta huda leda ta shiga ƙasa aka fizgo shi da safe; da yamma zai yi yaushi. Mai tsawon santimita 40 zuwa 60, kaurinsa kamar fensir, ganyensa sun ƙosa, shi ne abin nema.

Ga mai raino da kansa, haɗin ƙasar leda shi ne kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya takin gargajiya da ya ruɓe sarai, wanda ya yi baƙi, ba ya wari, ba ya zafi in ka tura hannu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen na shanu kuma yana jawo gara da gwazarma. Leda mai faɗin santimita 15 da tsawon 25 ta wadatar da gwanda da gwaiba da yazawa. Mangwaro da lemu da za su jira aure suna buƙatar mai 20 da 30. A huda ta a ƙasa da gefe. A jera su ƙarƙashin rumfar zana ko kaba mai barin rabin hasken rana ya shiga, domin inuwa mai duhu tana sa tsiro ya yi zaƙwal, dogo siriri marar ƙwari. Duk mako biyu zuwa uku a ɗaga ledojin a sauya musu wuri don kada saiwa ta kama ƙasa. Idan saura mako biyu a dasa, a riƙa rage rumfar da ruwan kaɗan-kaɗan har su saba da rana.

A wurin raino ruwa ya fi ƙishi kisa. Tsiro yana tsaye lafiya da yamma, da safe a tarar ya kwanta, karansa daidai bakin ƙasa ya yi siriri ya yi ruwa-ruwa kamar an tsunkule shi. Wannan ruɓewar gindi ce, ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa ke kawo ta in danshi ya yi yawa, iska ba ta ratsawa, an cusa iri da yawa wuri guda. Gwanda da gwaiba da lemu sun fi kamuwa. Wanda ya kwanta ba ya tashi; a cire shi da ƙasarsa a yar, a rarraba sauran, a daina ban ruwa da yamma. Ma'aunin ban ruwa yatsa ne: tura shi gaɓa biyu cikin ledar, in ka ji danshi ka bari sai gobe.

Lokacin dashe shi ne in damina ta zauna, ba ruwan farko ba. A yankin Kano da Katsina da Maraɗi wannan yakan kama ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Can kudu wajen Kaduna da Neja ana iya farawa da wuri. Dashen ƙarshen Agusta bai gama kafa saiwa ba rani zai riske shi, sai ga mai ruwa a kusa. A haƙa rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, mako biyu kafin ranar, a ware ƙasar sama gefe guda, a gauraya ta da bokiti ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki a mayar ramin ta kwanta. Tazara kuwa, mangwaro da yazawa mita 8 zuwa 10, lemu 6 zuwa 7, gwaiba 5 zuwa 6, gwanda 2 zuwa 3. Suna ƙanana filin zai yi kamar an yi asara, amma tsakaninsu ana iya noma wake ko gyaɗa. Mangwaro ba a kafa shi jikin katanga ko kusa da rijiya da masai.

A dasa da yamma ko ranar da ake lumshi. A yanke gindin ledar da reza, a datse duk saiwar da ta naɗe, a ajiye dashen a rami, a tsaga ledar ta gefe a zare ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta watse ba. Nan ne wurin da aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya: ana zurfafa dashe wai don ya yi ƙarfi, ana tara masa ƙasa a gindi kamar dawa. Bakin ƙasar leda ya zo daidai da bakin ƙasar gona, ko ma ya ɗan ɗara, tunda ramin zai lotsa. Tabon aure ya kasance sama da ƙasa da aƙalla taƙi guda. Lemun da aka binne wa aure, ko ruwa yake kwanciya a wuyansa, shi ne za ka ga ƙaro yana tsatsa daga gindinsa, ɓawon ya tsage ya mutu, ganye ya yi rawaya. Shi ya sa kwarin ban ruwa ake yin sa kamar zobe, tudun ƙasa a jikin karan, ruwan yana zagaye daga nesa. Gwanda ta fi kowa rashin haƙuri a nan, kwana ɗaya ko biyu cikin ruwa ya isa ya kashe ta, don haka a fadama ko ƙasa mai laka sai a kan kunya.

Takin zamani ba ya shiga rami ya taɓa saiwa. A jira mako huɗu zuwa shida, sai an ga sabon toho, sannan a zuba NPK 15-15-15 cikin gidan ashana ɗaya ko biyu, a zagaye da shi nesa da karan da santimita 30, a rufe da ƙasa mai danshi. A sake sau ɗaya kafin ruwa ya ɗauke. Ganye yana faɗin abin da ke damunsa ga mai lura. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya bai ɗaya, yunwar taki ce. In sababbin na sama ne suka yi fari-fari jijiyoyinsu na nan kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ko zinki ne, abin da lemu ke yawan yi a ƙasa mai kanwa ko inda aka jibga toka. Ƙarin NPK ba ya maganinsa. Bakin ganye ya bushe kamar an babbake, ko dai taki ya yi yawa ko ruwan yana da gishiri. Tsiro kuma yana yaushi alhali ƙasa jiƙe take, saiwa ce ta ruɓe, ƙara masa ruwa ƙarasa shi ne.

Ɗan aure yana da nasa kulawar. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon na uwar ne, a tsige shi da yatsa tun yana ƙarami, in ba haka ba zai fi reshen ƙarfi ya kashe shi, a wayi gari da mangwaro mai zare ko lemun da ba ya shawuwa. Ledar ɗaurin a kwance ta bayan wata biyu, don kada ta shaƙe karan. Yakan kuma yi huda tun a shekarar farko, saboda reshen daga babbar bishiya aka yanko shi. Abin yana da daɗin gani, amma a daure a cire hudar shekara biyu na farko. Ƙaramin itacen da ya ɗauki 'ya'ya girmansa yake biya da su. Mangwaron da ya kai kamar mita ɗaya a datse kansa, a bar rassa uku ko huɗu da suka kalli ɓangarori daban-daban.

Ƙwari na wannan shekarun ba su da yawa. A lemu akwai tsutsa mai kama da kashin tsuntsu, baƙi da fari, wadda daga baya take komawa kore. Guda biyu sun isa su tsiraita ƙaramin dashe cikin kwanaki, kuma tsince su da hannu ya wadatar. Akwai mai bin cikin sabon ganye tana barin zane mai ƙyalli kamar sawun dodon koɗi, ganyen ya nannaɗe. Farin ƙwaro mai kamar auduga yana taruwa a bayan ganyen gwanda da mangwaro da gwaiba, yana fitar da ruwa mai zaƙi da ke sa ganye ya yi baƙi kamar kunkunniya. In ka ga tururuwa suna hawa da sauka, juya ganyen. Ga waɗannan, a daka ƙwayar darbejiya rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ta kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita duk mako. Gara kuwa dashen da ya galabaita da ƙishi take fara bi. A nisanta busasshiyar ciyawa da karan, kada a kafa masa turken busasshen icce mai taushi, a riƙa rushe hanyar da take ginawa. Shafa baƙin mai a jikin ɗanyen itace, kamar yadda wasu ke yi, ƙona ɓawon yake.

Sauran aikin na rani ne. Akuya ɗaya tana gamawa da wahalar shekara cikin minti biyar, don haka a yi shinge ranar da aka dasa, na ƙaya ko waya ko tubali da aka jera da ramuka, tsawonsa ya kai ƙirji, faɗinsa ya hana ta miƙo wuya. Tsohuwar ganga ko kwano da aka rufe ruf suna dafa tsiro da bazara. Daga Nuwamba zuwa saukar ruwa, kowane dashe yana son lita 15 zuwa 20 sau biyu a mako, a jigawa ko tsakiyar zafin Afrilu sau uku. Zuba da yawa lokaci guda ya fi yayyafin kullum, domin yayyafi a sama yake tsayar da saiwa. A shimfiɗa ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsu huɗu a kewayen, a bar tazarar tafin hannu daga karan. Inda ruwa yake da nisa, a binne tulun ƙasa marar fenti har wuya, kamar taƙi biyu daga gindin, a cika shi a rufe bakinsa da tasa. Zai riƙa tsatsa a hankali, sai a leƙa duk kwana uku ko huɗu a ƙara. Ta wajen gabas da arewa kuma a kafa guntun zana, saboda iskar hunturu ita ke busar da sabon toho.